Birkin Kekena da Saniyar Dada

Kekena ba shi da sirdi, kuma ba ɓata ya yi ba, haka aka ƙero shi. Ranar da na turo shi daga Kasuwar Gombe zuwa gidanmu a Gabukka, babu wanda ya gan ni bai tanka ba. Wani dattijo mai faci har kirana ya yi gefe, cikin tausayi, ya ce in yi maza in koma wurin masu kekunan gwanjo tun ba su rufe ba, an cuce ni. Na yi masa godiya na wuce. Na san abin da na saya. Na daɗe ina kallon irinsa a waya: gajeren keke mai faɗin kai da ƙatuwar tayar baya, wanda ba don tafiya aka yi shi ba. A tsaye ake hawansa, a hau dutse da shi, a ɗaga gaba a tsaya cak a kan tayar baya, a daka tsalle zuwa wani dutsen, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba. Masu gwanjon ma ba su san amfaninsa ba, a bayan rumfa na tarar da shi an jingine, an rataya masa buhu.

A lokacin na gama makaranta, ina taya Baba zama a rumfarsa ta hatsi. Lokacin kaina bai wuce biyu ba: bayan sallar asuba kafin mu fita, da kuma yamma in mun dawo. Wurin wasa kuwa Allah ya kawo min shi har gida. A bayan katangarmu akwai kwari, irin wanda ruwa ke ci kowace damina. Masu aikin tare zaizayar ƙasa sun zuba wata shimfiɗar siminti da ta gangara daga gindin katangar zuwa bakin kwarin, suka bar tarin duwatsu a ƙasa cikin yashi. Sai in gangaro a kan simintin, in danne birki daidai a baki, in miƙe a kan tayar baya, in dira kan dutse. Duk unguwar babu wani wuri irin wannan, ko'ina yashi ne shimfiɗe.

A wannan wasa birki shi ne komai. Ba birkin da ke rage gudu a hankali ake so ba, wanda zai cafke taya nan take ake so, ko motsi kada ta yi. Dabarar da na koya a waya ita ce kwalta. Na ɓanɓaro dunƙulenta a gefen titi, kullum kafin in hau sai in goga ta a jikin rim, wato garen ƙarfen da taya ke zaune a kai. Da robar birki ta taɓa wurin sai ta manne. Kamu dai ba a magana. Amma ƙara! Kamar ana jan tsohon kwanon rufi a kan siminti, sai dai ta fi haka tsini. Karnukan tsallaken kwari sukan amsa. Ni kuwa daɗinta nake ji har cikin raina, domin in na ji ta na san tayar ta kamu.

Wadda ba ta jin daɗinta tana ɗaure a turke, a ɗaya gefen katangar.

Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Dada saboda haka muka taso muka ji ana kiranta, tana da farar saniya guda da ɗan maraƙinta. Ita kaɗai ta rage mata daga garken da ta baro a ruga lokacin da Baba ya dawo da ita gari. Ba sayar da nonon take yi ba. Mu take ba, ta aika wa maƙwabta, in an yi haihuwa a layinmu ƙwaryarta ce ke fara isa. Ba ta yarda kowa ya taɓa hantsar saniyar nan. Safe da yamma za ta saki maraƙin ya ɗan tsotsa, ta janye shi, ta ɗauko wata gajeriyar igiya ta haɗe ƙafafun saniyar na baya ta ɗaure, sannan ta tsuguna, ta jingina goshinta a cikin saniyar, ta ba katanga baya, ta shiga tatsa. Lokutan tatsarta su ne lokutan wasana, babu ragi babu ƙari.

Saniya in ta firgita riƙe nononta take yi, ko za a kwana ana ja. Da na danne birki sai ta zabura, ta miƙe kunnuwa, nonon ya ɗauke. Ƙwaryar da ke cika har kumfa ya taso ta koma da ƙyar ake rufe gindinta.

Wata yamma Dada ta tare ni a zaure, ƙwaryar a hannunta. Tsakaninmu akwai wasan jika da kaka, maigida take ce min.

"Maigida, leƙa ka gani," ta ce. "Wannan ne abin da za ka ciyar da ni da shi? Miji ya rasa abin kawowa gida sai jakin ƙarfe mai kuka?"

"Dada, ba kuka yake yi ba, aiki yake yi."

"Ni ma aiki nake yi, ka taɓa jin ina ihu? Abu in yana kuka, ƙishin mai yake ji."

Na yi dariya na wuce, ban ɗauki maganar a bakin komai ba. Ni mutum ne mai taurin kai, kuma ina ganin duk gidan babu wanda ya fahimci abin da nake yi. Iyakar sassaucin da na yi shi ne na daina turo keken ta tsakar gida, sai in saɓa shi a kafaɗa in zagaya da shi bayan katanga.

Haka na saɓa shi wata safiya, na dire shi a kan simintin, na hau. Sauri nake, ban tsaya goga kwalta ba, na ce ta jiya ta isa. Na gangaro da ƙarfina, na iso baki, na danne birkin gaba da na baya lokaci ɗaya. Shiru. Abin da na fara ji a raina mamaki ne, kafin tsoro ya zo. Keken ya wuce abinsa sumul, kamar ban taɓa komai ba, muka tafi tare cikin kwarin. Allah ya taimake ni na kauce wa duwatsun, na faɗa yashi a kan hannun hagu. Da na farfaɗo daga ruɗewa na jawo keken, sai wani ƙamshi da na sani tun ina goye ya bugi hancina. Na shafa rim ɗin, yatsana ya fito yana ƙyalli. Man shanu ne. Gaba da baya, har cikin robar birkin, ba a yi rowa ba.

Na shigo gida ina jan keke da hannu ɗaya, gwiwa na jini, raina a ɓace har idona na rufewa. Ina da maganganu cike da baki. Amma da Dada ta ɗago ta gan ni, ƙwaryar ta kuɓuce mata, duk na haɗiye su. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai ran nan.

A wurinta ba ta yi wani abu baƙo ba. Ƙofar ɗakinta in ta yi kuka man shanu take sa mata. Kaushin ƙafa, tarin yaro, tsagewar ƙwarya, igiyar da ta bushe, duk maganinsu ɗaya ne a gidanmu. Ta ga jikanta na fama da abu mai kuka, ta ɗebo mafi kyawun man da take da shi, wanda take ɓoyewa a ƙaramin tulu saboda baƙi, ta shafe masa. Da aka duba hannun aka ce targaɗe ne ba karaya ba, ta zaunar da ni a tabarma, ta jawo tulun nan dai, ta shiga murza min wuyan hannu da ragowar man. Ina jin zafi, dariya na cina, ita kuma tana share ido da gefen zane tana cewa, "Ai dai ya yi shiru." Na ce, "Ya yi, Dada. Saura kaɗan ni ma in yi."

Baba bai yi dariya ba. Da ya dawo masallaci ya tsaya ya dubi hannuna, ya dubi keken, ya yanke hukunci a taƙaice.

"In yana ƙara, ya hana tsohuwa nononta. In ya yi shiru, ya kashe min kai. Abin da ba ya zama lafiya ta kowace fuska ba zai daɗe min a gida ba. Gobe masu jari-bola za su wuce, a ba su."

Keken nan shi ne abu na farko a rayuwata da na zaɓa da kaina na kuma iya da kaina, ba wanda ya koya min, ba wanda ya sa ni. In ya tafi ba zan sami irinsa ba, don ban taɓa ganin na biyunsa a garin nan ba. Amma Baba in ya yi magana ba a mayar masa.

Baba ɗan fari ne a wurin Dada. Saboda kunya irin ta Fulani ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Sai ta tashi ta nufi turke, ta dafa wuyan saniyar, ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Nagge am, saniyata, kin ji wai za a ba masu bola jakin mijina. Ni na shafa mai, shi za a hukunta. Da masu gidan za su ji ta tsohuwa, da sun bar shi har hannunsa ya warke. In ya iya rufe wa abin baki, kuma yana tsayawa, shi ke nan. In bai iya ba, ni da kaina zan miƙa musu."

Baba ya ce, shi ma saniyar yake kallo, "To, an ji."

Wankin ma Dada ce ta yi shi. Ta tafasa ruwa, ta kawo toka irin wadda take dirje tukunyar mai da ita, ta zauna ta wanke rim biyun nan tas, mai da kwalta duka suka fita. Robobin kuwa sun sha man har ciki, ba su da sauran amfani, na sayo sababbi masu ɗan taushi. Da yake ba na iya hawa, gwajina a hanyar kasuwa nake yi, nesa da saniya: in tura keken da gudu, in danne birki da hannun dama, in saurara.

Babu kwalta, rim sumul, ƙara ta ragu amma tayar na zamewa. Wannan ba birki ba ne, roƙo ne. Na sa samfefa na ɗan kakkarce jikin rim ɗin a gicciye, yadda roba za ta sami abin kamawa. Kamu ya dawo, ƙara ta biyo shi. Na kwance robobin na ɗan karkata su, ina cusa ɓallen kwalin ashana a ƙarshensu na baya kafin in ɗaure, don bakin gaba ya riga taɓa rim. Wannan ya rufe bakin birkin gaba gaba ɗaya, na yi murna har na yi wa wani mai rake a bakin hanya kyautar gaisuwa sau biyu. Na baya kuwa in na taɓa shi a hankali shiru, in na danne da gaske sai ya kurma ihunsa na da. Na ƙara karkatar, ya yi shiru, amma in na ja keken baya sai tayar ta suɓuce, kuma wanda zai tsaya a kan tayar baya a bakin kwari ba ya wasa da wannan. Kullum haka: in na sami ɗaya, ɗayan ya gudu. Kumburin hannuna kuwa sai saɓewa yake yi, na zama mutumin da ke baƙin cikin samun sauƙi.

Ina da aboki tun na makaranta, Batangale, yana walda a Dawaki. Ranar Lahadi bayan ya taso coci na tura masa keken. Ya saurari ƙarar sau ɗaya ya toshe kunne.

"Mutumina, wannan ai jiniya ce. Kakarka ta yi haƙuri da kai, da tawa ce da tuni ta sa shi a murhu."

Muka ɗaure duk wani noti da ke jikin keken. Bai hana ba. Can ya ce in riƙe ƙarafan nan biyu da suka sauko suka riƙe tayar baya, inda birkin ke ɗaure, shi kuma ya tura ya danne. Na riƙe. Da ƙarar ta tashi sai na ji ƙarafan suna ɓari a tafin hannuna, suna kuma buɗewa waje kaɗan, kowanne na gudun ɗan'uwansa. Ashe ba robar ce kawai ke kuka ba. Birki na matse rim, ƙarafan na ja da baya, roba ta kama ta saki, ta kama ta saki, da saurin da ido ba ya gani. Mun gano ciwon, amma ba mu san abin yi ba. Ya ce ko ya narka musu ƙarin ƙarfe, na ce ba mai kusantar kekena da wuta. Muka rabu a haka, na turo abina gida jiki a sanyaye.

Na iso ana shirin tatsar yamma. Na zauna a kan turmi ina kallon Dada, don ba ni da abin yi. Ta janye maraƙi. Saniyar na ta tattaka ƙasa, tana ware ƙafa, tana kaɗa jiki saboda ƙudaje. Dada ta ɗauko gajeriyar igiyarta, ta zagaya ƙafafun baya biyu, ta haɗe su ta ja. Saniyar ta tsaya cak. Abin da nake gani kullum tun ina yaro ne, amma ran nan sai da na miƙe tsaye daga kan turmin.

"Lafiya, maigida? Kunama ce?"

"Dada, ƙafafunsa zan ɗaure!"

"Ƙafafun wa?"

Na ruga wurin keken. Washegari na sa abokina ya yanko min ƙarfe mai faɗi, ya lanƙwasa shi kamar lauje yadda zai tsallake saman taya, ya huda shi baki biyu. Muka ɗaura shi a kan kusoshin da birkin ke zaune, ya haɗe ƙarafan biyu, babu mai sauran gudun wani. Na farkon ya yi siriri, da na danne sai ya buɗe tare da su. Na biyun muka yi shi da kauri, mummuna ne ƙwarai, abokina ya ce kada in gaya wa kowa a shagonsa aka yi. Na mayar da robobin kusan daidai, karkatar ba ta wuce kaurin kwalin ashana ɗaya ba. Na tura keken a gaban shagon, na danne da duk ƙarfina. Tayar ta kafe. Abin da na ji kawai shi ne ɗan "ƙyat", sai gurzar taya a ƙasa. Na ja shi baya, ko gezau. Na sake, na sake, har masu shagunan kusa suka fara leƙowa suna tambayar ko lafiya. Daɗin da na ji a wurin nan ban san da me zan kwatanta shi ba. Na rungume abokina da baƙin mai da komai.

Da hannuna ya warke sarai, na sami Baba bayan sallar asuba na ce na shirya, Dada na ji. Ya zura takalmi ya biyo ni bayan katanga. Ta ciki muna jin Dada tana yi wa maraƙi faɗa, alamar ta kusa fara tatsa. Na ɗauka Baba zai tsaya gefe ya kalla. Sai na ga ya gangara kan simintin, ya je daidai bakin kwarin, inda na faɗa, ya juyo ya fuskance ni, ya harɗe hannuwa a baya.

"Baba, ka ɗan matsa gefe."

"Ka ce yana tsayawa."

"Yana tsayawa."

"To, bismilla."

Bayansa babu komai sai rami da duwatsu. Na san birkina, na gwada shi har na gaji. Na gane nufinsa: in ban yarda da birkin a kansa ba, ba shi da dalilin yarda da shi a kaina. Na jira har na fara jin saukar nono a ƙwarya ta bayan katanga, tsiri-tsiri, sannan na taka feda.

Na gangaro da irin gudun da na saba, ban rage ko kaɗan ba. Farar rigarsa na ta matsowa, shi ko ƙifta ido bai yi ba. Na danne. Keken ya kafe, tayar gaba ta tsaya saura kamar tafin hannu ta taɓa rigarsa. Jinina na tafasa, sai na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba: na ja kan keken sama, na miƙe a kan tayar baya a gaban mahaifina, na tsaya a nan ƙyam, na yi 'yan tsalle a wuri ɗaya, na juya, na sauke shi a hankali a gefensa. Ko karen tsallake bai yi haushi ba.

Muka tsaya ni da shi, kunnuwanmu na bayan katanga. Nono na ta sauka, sautin ma ya canza, ya yi kauri irin na ƙwaryar da ta kusa cika. Gemun Baba ya fara motsi, yana ƙoƙarin danne dariya.

Sai muryar Dada ta tsallako katangar, a ƙufule.

"Wai ina maigidan nan ne? A ce masa in zai gwada jakin nasa ya gwada mana! Tun ɗazu nake jira, ga shi har na kusa gama tatsa."